Manyan Baƙaƙe

"Sake dubawa."

"Na duba, Yaya."

"Ba ki duba ba. Ina kika ga takwas a nan? Uku ce, ga ta ɓaro-ɓaro."

Rafi'atu ta jawo takardar har ta kusa taɓa hancinta. Ta runtse idon hagu, ta ware na dama iya warewa, sannan ta yi 'yar dariyar jin kunya.

"Chale, ashe uku ce. To x ɗina ya tashi a banza ke nan."

"Ya tashi a banza, maki ma ya bi shi," in ji Tijani, yana ƙwanƙwasa biro a gefen benci. "Hanyar duk daidai kika bi. Gaggawa ce ke cin ki. Ranar jarrabawa ba wanda zai tsaya a kanki ya ce sake dubawa."

"Yoo, na ji."

Ta sa bakin mayafi ta dangwale ruwan da ke bin kumatunta. Ba kuka take ba. Idon ne ke zubar da ruwansa shi kaɗai tun safe har magariba, kamar famfon da ya ƙi rufuwa. Tijani ya kawar da kai ya dubi manyan tukwanen da ke kife a jikin bango, baƙi ƙirin da su. Duk gidan nan na unguwar Maamobi, da masu haya da masu gida, ba wanda ya kai shi sanin cewa ba gaggawa ce ke cin ƙanwarsa ba.

Waakye ne ke riƙe da gidan. Mahaifiyarsu, Mma Amama, ta yi suna da wannan shinkafa da wake tun kafin a haife su, har daga Nima ake takowa a bi layi a teburinta na bakin titi. Da gwiwoyinta suka gaza, sai ta koma zaman tebur tana zuba wa masu saye, wuta kuma ta faɗo kan Rafi'atu. Ita ke hura icce kafin kiran asuba, ita ke tsince waken gobe, ita ke tsayawa da rana kan suyar shito, yajin nan na barkono da busasshen kifi da ake juyawa cikin mai har ya yi baƙi, wanda hayaƙinsa ke kora masu haya ɗakunansu suna atishawa. Tsakanin wuta da wuta take karatu. Turanci da lissafi ne suka kayar da ita bara, shi ya sa ta yanki fom ɗin Nobdek, jarrabawar ƙarshen shekara ta masu gyaran sakamako. In ta ci, makarantar koyon aikin jinya za ta nema. Tijani, da yake a ɗakin buga takardu yake aiki a Adabraka, shi ke bugo mata pasko, tambayoyin shekarun baya, shi ke zama da ita bayan la'asar yana duba amsoshi.

Shi ne kuma ya kai ta asibiti lokacin da idon ya fara ja. Likitar ta ɗiga mata magani, ta ce ta zauna a waje ta rufe ido, sannan ta tsayar da shi.

"Wane aiki take yi a gida?"

Ya faɗa mata.

"Miki ne a kan baƙin idonta na hagu, na daman ma ya fara fushi. Magani zai yi aiki in kun raba ta da hayaƙi, kwata-kwata, har ta warke. In ba haka ba tabo zai rufe wurin, shi kuma ba ya goguwa. Ku dawo in sake gani."

A cikin trotro, motar haya, Rafi'atu ta jingina kai a kafaɗarsa, ido rufe, ta ce, "Me ta ce, Yaya?" Maganar tana bakinsa. Har ya ja numfashi. Sai fuskar Sahada ta faɗo masa a rai, sai ya ji kansa yana cewa, "Apollo ne, jan idon nan da ke yawo a gari. Ki dinga ɗiga magani." Abin da ya faɗa wa Mma ke nan da suka iso.

Sahada amaryarsa ce, kuma Allah ya sani son da yake mata ya fi ƙarfin ƙirjinsa. Tun ranar da ta shigo shagonsu buga katin bikin ƙawarta, ta bar ƙamshin turarenta a tsakanin injuna, bai sake zama mutum ɗaya cikakke ba. Ya rubuta mata saƙonni masu tsawo da kalmomin da ya tsinto a littattafan da ake kawowa ɗauri. Wata yamma a bakin teku, iska na wasa da gyalenta, ta ce masa tana tsoron gidan waakye, ta ga yadda hannun mata ke komawa a can. Ya kama yatsunta masu santsi, ya rantse mata hayaƙi ba zai taɓa sanin hanyar fuskarta ba.

A al'adar gidansu amarya ba ta kusantar murhu sai uwar miji ta tara 'yan uwa mata an yi mata kamun girki, an miƙa mata muciya a hannu. Ba a jan abin da nisa. Amma Tijani ya roƙi Mma a bari sai bayan Sallah. Sallah ta wuce ya ce a bari lallen ya gama fita. Lalle ya fita ya ce ai mahaifiyar Sahada ta yi tafiya Kumasi. Mma ba ta matsa ba, don daɗi take ji in mata suka ce surukarta, 'yar Alhajin Nima, sheƙi take kamar ba a gidan wuta take zaune ba. In aka janye Rafi'atu daga murhu, Tijani ya san hannun da muciya za ta faɗa.

Don haka ya nemo wata hanyar. Ranar da ta karanta takwas a wurin uku, washegari ya tsaya a gaban injin kwafi bayan abokan aikinsa sun fita sallah, ya danna maɓallin ƙara girma. Takardun suka fito da baƙaƙe manya-manya, masu ɗumi. Ya rungume su a trotro kamar ya sayo magani.

"Eii, Yaya! Wannan ko daga kasuwar Malam Atta sai in karanta," in ji Rafi'atu, ta yi tsalle ta karɓa. Ranar ba ta faɗi ko ɗaya ba. Ta warware na x da y, ta fitar da faɗin da'ira, ta gano tsawon inuwar sanda. Tijani ya yi ta zana mata alamar daidai da jan biro, yana jin wani sanyi-sanyi a ransa, yana cewa kansa ai ga shi an samu mafita, ba wanda aka cuta.

Sanyin bai daɗe ba. Ba a jima ba ta koma jawo takarda kusa da hanci, ya sake danna maɓallin. Shafin da ke ɗaukar tambayoyi birjik ya koma ɗaukar kaɗan, daga baya tambaya ɗaya ke cika shi. Rafi'atu ta fara tafiya da kai a karkace, tana neman hanya da idon dama. Hasken rana ya zame mata abokin gaba, sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska in za ta tsallaka tsakar gida. In ta buɗe tukunya tururi ya taso, sai ta tsaya cak, ta dafe bango, haƙoranta a cije, har zugin ya lafa.

Mma ba ta zauna haka ba. Ta sa mata kwalli, ta ɗiga mata ruwan sukari, ta aika aka karɓo nonon wata mai jego a gidan baya.

"Mma, a bar wa maganin asibiti," Tijani ya ce a hankali.

"Maganin asibitin me ya yi? Apollo ne, ba kai ka faɗa ba? Da nono muka san ana kashe shi."

"Ko a samo mai taimako, ta huta da wutar kwana biyu."

"Baƙuwa a kan tukunyata? Ta kwashe mini kasuwa a tafin hannu ta tafi da ita? Ni da na tsufa a bakin murhu, ka ga idona ya faɗo? 'Yan yanzu dai ba ƙashi. In ta yi aure wa zai hura mata?"

Ya yi shiru, kuma shirun ya yi masa daɗi, abin da ya fi ba shi kunya ke nan. Ai ya yi magana, an ƙi. Haka ya faɗa wa kansa a hanyar masallaci.

Turanci ya koma na kunne. Rafi'atu ce ta kawo dabarar.

"Karanto mini, Yaya, Turancinka ya fi daɗi a baki."

Sai ta rufe ido ta jingina da bango, shi yana karantowa. "Neither the nurse nor the doctors, was ne ko were?"

"Were. Na kusa da shi ake bi."

"She hardly sleeps?"

"Does she?" Ta yi murmushi. "Wannan da ni suke."

Ya yi dariyar yaƙe. Ta shafa gefen babbar takardar da ke cinyarta, sannan ta ce, "Yaya, su ma ranar jarrabawa za su ƙara mini girman baƙaƙen?"

"Kafin nan kin warke."

"Insha Allahu," in ji ta, da dukan zuciyarta. Ta yarda da shi kamar yadda ta yarda da shi tun tana rarrafe.

A ɗaki Sahada na shafa mai a ƙafa, fanka na kaɗa labulen da suka zo da kayan aurenta. Ta ɗago ta dube shi.

"Malam, ka lura da idon Rafi? Wani fari-fari na gani a tsakiya."

"Apollo ne."

"Ni ma na yi apollo. Ba ya daɗewa haka kuraa, ko kusa." Ta rufe kwalbar. "In wutar ce ka faɗa. Ni fa ba ƙwai ba ce. Kunya nake ji, ina kwance ina jin tarinta."

Ga ƙofa ta buɗe masa da kanta. Ya zauna kusa da ita, ya ɗauki hannunta ya juya tafin, ya ga yadda yake fes kamar cikin ɓawon ƙwai, ya tuna teku da gyale da rantsuwa. Zuciyarsa ta narke ta zube.

"Ba a yi miki kamu ba. Mma ba za ta yarda ba. Bari ta gama jarrabawa tukuna."

Sahada ta dube shi. Sai ta ɗaga kafaɗa. "To, kai ka san gidanku." Ta jawo wayarta. Ita ma ta samu inda za ta ajiye nata nauyin.

Ranar Asabar abin ya fashe. Tijani na gida, yana jera sabbin takardu a benci, sai ga hayaniya daga bakin titi. Mma ta shigo tana dogara sanda, fuska a murtuke, bayanta Wasiu mai gyaran babur, hannu a kunci.

"Hajiya, ni ba faɗa na zo ba," Wasiu ke cewa. "Tun ina yaron shago nake cin waakyenki. Amma jiya dutse, yau dutse, ga haƙorina ya tsage. In gini kuka koma ku faɗa mana mu kawo siminti."

Masu haya suka leƙo, wasu na danne dariya. Mma ta ba shi haƙuri har ya fita yana tsaki, sannan ta juyo. Rafi'atu na tsaye kan kaskon shito, hayaƙi ya lulluɓe ta, muciya a hannu. Mma ta jawo tiren waken gobe wanda aka ce an tsince, ta watsa yatsu ciki sau ɗaya, ta ɗago tsakuwa har da guntun kwalba.

"Wannan ne tsintar?"

"Mma, wallahi na tsince. Da hannu nake lalubawa."

"Da hannu! Idon fa, na ado ne?" Muryar Mma ta karye, tsoro ya fito ta ƙarƙashin faɗan. Ta kama haɓar 'yarta ta juya fuskar wajen haske, ta ga farin da ke zaune a kan baƙin idon, ta saki salati. "Karatun nan ne. Na faɗa a raina tuntuni. Yarinya ta ƙura wa takarda ido safe da yamma, ina ido zai kai? Ba apollo ba ne wannan kuma, boko ne ya cinye shi."

Ta dogara sanda zuwa benci, ta tattara takardun gaba ɗaya, na lissafi da na Turanci, masu jan biro da sababbi, ta nufi murhu.

"An gama. Ba Nobdek, ba aikin nas. Idonki ya fi mini."

"Mma, don Allah!" Rafi'atu ta saki muciya ta durƙusa ta riƙe zanenta. "Saura kaɗan. Jiya ban faɗi ko ɗaya ba, tambayi Yaya. Mma, kar ki ƙona!"

"To ga shi nan, ya faɗa." Mma ta ɗaga shafi ɗaya sama. Lamba bakwai ce a jikinsa, tsawonta ya kai tafin hannu. "Tijani, kai ka shiga wurin likita. Dubi baƙaƙen nan, kowanne kamar kan jariri. In ba ka san karatun ke kashe idon ba, me ya sa kake ta ƙara su? Faɗa mata gaskiya ta haƙura."

Mai na ta tafasa a kasko. Sahada ta fito bakin ƙofa da labule a hannu. Tijani ya ga yadda abin zai tafi sumul in ya gyaɗa kai kawai. Takardu su ci wuta, a daina zancen jarrabawa, Rafi'atu ta ci gaba da hura icce, amarya ta ci gaba da sheƙi, ba wanda zai taɓa sanin abin da aka faɗa masa a bayan ƙofar likita.

Rafi'atu ta karkata kai tana neman sa da idon dama. Sai da ta ɗan yi lalube kafin ta same shi.

"Yaya, faɗa mata ba karatu ba ne."

Ya ji kamar an zuba masa man kaskon a ƙirji.

"Ba karatu ba ne, Mma."

"To mene ne?"

"Hayaƙi ne. Miki ne a idon, ba apollo ba. Likita ta ce a raba ta da wuta har ta warke, in ba haka ba tabo ya rufe idon. Ta ce mu koma, ban mayar da ita ba."

Mma ta sauke hannu a hankali. "Yaushe ta faɗa maka?"

"Ranar da muka je."

Rafi'atu ba ta tashi daga durƙuson ba. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba, da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta dai saki zanen Mma, ta ce da ƙaramar murya, "Ka ce mini gaggawa ce ke ci na."



"Saboda ni?" Sahada ce, daga bakin ƙofa, labulen ya suɓuce mata. "Na tambaye ka, Tijani. Da bakina na tambaye ka. Ashe da sunana kake dafa idon yarinya?"

"Ku yi mini shiru!" Mma ta zauna daɓas a kan turmi, takardun a cinyarta, hawaye na bin tsagar fuskarta. Amma ko cikin kukan ba ta rasa abin faɗa ba. "To yanzu ya kuke so in yi? Wa zai hura? Gwiwar nan tawa? Ko amaryar da ba a yi wa kamu ba, Alhaji ya ji an jefa 'yarsa wuta ba sanarwa? In tukunya ta kwana a kife me za mu ci? Ta ɗan daure zuwa a tara mata, a yi kamun yadda ya dace. Sati nawa ne?"

Shiton ya fara kamawa. Ƙauri ya tashi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, kuma Rafi'atu, da jikinta ya saba, ta miƙa hannu tana laluben muciya a ƙasa don ta koma ta juya. Wannan laluben ne ya ƙarasa shi. Ya taka ya riga ta ɗauka, ya kama kafaɗarta ya ɗaga ta, ya kai ta inuwar zaure inda iska ke shigowa, ya karɓi takardun daga cinyar Mma ya ɗora a tata. Ba ta dube shi ba. Ya dawo ya cire agogo, ya naɗe hannun riga, ya tsaya a inda take tsayawa. Hayaƙin barkono ya daki idonsa, nan take ruwa ya ɓalle masa, ya ji abin da take ji kullum tun kafin asuba.

"Kai, ajiye muciyar nan!" in ji Mma. "Namiji da matarsa a ɗaki, a bakin murhun waakye? Kafin magariba Maamobi ta ji, gobe Nima ta ɗauka. Da wane ido za ka shiga masallaci?"

Tijani ya juya shiton, ya kankare inda ya kama, yana tari. Ya ɗaga murya yadda masu haya da ke bakin ƙofofinsu za su ji.

"Da wanda ya rage mini, Mma. Su ji, su yi dariya. Litinin da safe zan mayar da ita asibiti. Daga yau har ta warke ta rubuta jarrabawarta, Rafi'atu ba za ta sake tsayawa a kan wutar nan ba. Ni zan hura ta."